Wayar fulogin Bosch a Golf 3 mai inji 1.8: ta ci kuɗinta, amma a ɗora mata mita kafin a biya

Tun 1997 aka daina ƙera ƙaramar Golf 3 a Jamus, wagon ɗinta kuma ta kai 1999, amma har gobe ita ke ɗibar fasinja a tashoshi da dama na Arewa. Mota mai waɗannan shekaru idan ta fara fizga a hanya, ko tana karkarwa a silo, fulogi ake fara garzayawa a canja. Wayar da ke kai wa fulogin wuta kuwa sai ta tsage ƙiri-ƙiri ake tunawa da ita, a lokacin ma mafi araha ake nema. Wannan sharhi a kan saitin wayar fulogi ne na Bosch mai zaren jan ƙarfe, wanda aka yi wa injin 1.8 mai bawul takwas, wato mai lambar AAM ko ABS ko ADZ, injin da ake samu a Golf 3 da Vento da Passat na wancan zamani. Hukuncinmu a kansa a fili yake: shi ne irin wayar da ta dace da wannan inji, kuma ya cancanci ƙarin kuɗin da ake biya a kansa. Sharaɗi biyu ne, ya zama na gaske ne ba jabu ba, kuma wanda zai ɗaura shi ya san hannunsa.

Wayoyi biyar ne a kwalin. Huɗu na fulogi, kowacce da tsawonta, sai ta biyar da ke ɗauko wuta daga koyil zuwa tsakiyar murfin distributa. Kaurin wayar milimita 7 ne, rigarta ta silikon ce mai laushi, ana lanƙwasa ta ba ta yin layi, kuma zafin inji ba ya busar da ita da wuri kamar yadda yake busar da roba mai arha. Hular da ke hawa kan fulogi tana da rigar ƙarfe a waje. Iyakar abin da ke ciki ke nan. Babu giris, babu ƴan maƙalan da ke raba wayoyi, don haka kada a yar da tsofaffin maƙalan da ke jikin mota.

Abin da ya sa muka fifita wannan saiti yana cikin wayar, inda ido ba ya gani. Wayar fulogi iri uku ce a kasuwa. Akwai mai zaren gawayi, wadda cikinta zare ne da aka shafe da baƙin gari mai wuce da wuta. Akwai mai siririyar waya da aka naɗe a kan zare, irin da ake yawan gani a motocin Japan. Sai mai jan ƙarfe zalla. Kowacce dole ta rage wa wutar kaifi kaɗan, in ba haka ba tartsatsin fulogi zai riƙa shiga rediyo da wayoyin birenbos, wato kwamfutar mota. Mai gawayi da jikinta take yin wannan aiki, duk tsawonta. Volkswagen kuwa a waɗannan injina jan ƙarfe ta zaɓa, ta sa resista, ɗan abin da ke rage wa wuta kaifi, a kawunan wayar biyu. Da om ake auna ƙarfin resista: kusan om 5,000 a hular fulogi, kusan om 1,000 a kan da ke shiga murfin distributa. A kan wannan lissafi aka tsara koyil da rota da fulogin motar, kuma shi wannan saiti ya bi. Amfaninsa a wurinmu babba ne. Zaren gawayi yana tsinkewa a ciki saboda zafi da jijjiga da ja, wutar ta riƙa tsallake wurin da ya tsinke tana ƙona shi, raunin yana ƙara faɗi alhali rigar waje lafiyarta ƙalau. Jan ƙarfe ba ya wannan ciwo. Motar haya da ke yini a kan titi, ana buɗe bonet kullum ana taɓa wayoyi, ta fi kowa buƙatar wayar da cikinta ba ya gajiya.

Wannan tsari kuma shi ne ke ba mai saye hanyar gane gaskiya tun a bakin shago. A je da mitar awon wuta, a sa ta a 20k na awon om, a taɓa ƙarfen da ke cikin kawunan wayar biyu. Kowace wayar fulogi ta nuna wajen om 6,000. Daga 4,600 zuwa 7,400 duk lafiya ne. Wayar koyil ta nuna wajen 2,000. Abin lura mafi muhimmanci shi ne gajeriyar waya da doguwar su ba da kusan adadi ɗaya, domin resistan a kai yake, jan ƙarfen da ke tsakani ba ya ƙara komai. Idan aka ga adadin yana hawa da tsawon waya, gajeriya kaɗan doguwa da yawa, to gawayi ne ko naɗaɗɗiyar waya a ciki, ba jan ƙarfe zalla ba, ko me aka buga a kwali. Idan ta nuna kusan sifiri, waya ce kawai aka sa wa hula babu resista. Idan mita ba ta motsa ba sam, a tsinke take. Yayin da ake awon a riƙa murza wuyan wayar kusa da hula. Adadin da ke rawa yana nufin matsin da aka yi wa kan bai kama ba. Sau da yawa ana buga adadin resistan a jikin hular, a duba a gwada da abin da mita ta faɗa.

Dole a yi wannan awo, domin sunan Bosch yana cikin waɗanda aka fi kwaikwayo. A Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna za a iya ajiye maka kwali biyu masu kama ɗaya, farashinsu ya yi nisa da juna. Kwali ba shaida ba ne. Ta jabu takan yi sauƙi a hannu, rigarta na ƙyalli da tauri, rubutun jikinta yana gogewa da ɗan yatsa, ƙarfen cikin hular siriri ne. Ɗan kasuwar da ya san kayansa ba ya hana ɗora mita. Kamfanonin Beru da Bremi su ma suna yin wannan tsari na jan ƙarfe da resista, kuma idan na gaske ne ba mu ga dalilin da za a ƙi su don neman Bosch ba. Awo ɗaya ne ke tantance su duka. Ƴan Beljiyam kuwa, waɗanda aka ciro daga tsofaffin injina, sau da yawa orijina ne kuma mita za ta yarda da su. Matsalarsu rigar ce. Ta sha zafi shekaru, kuma mita ba ta auna riga. A lanƙwasa wayar sosai a rana a duba ƙananan tsaga, a matsa robar hula a ji ko ta ƙandare. Wanda ba shi da halin sabo, ƴar Beljiyam mai laushi ta fi sabuwar jabu nesa ba kusa ba.

Kafin a bar shago akwai abu ɗaya da ke mayar da mutane kasuwa a banza, wato kawunan waya. Murfin distributa iri biyu ne: wani ƙahoninsa rami ne kawai da kan waya ke nutsewa ciki, wani kuma da ɗan tsinken ƙarfe a tsakiyar ramin wanda kan wayar ke hawa. Haka bakin koyil. A ɓangaren fulogi ma wata hular tana kama dunƙulallen kan fulogi, wata sai an kwance wannan kan ta kama zaren da ke ƙarƙashi. Idan aka haɗa waɗanda ba su dace ba, roba za ta riƙe wayar kamar ta zauna, amma ƙarfe bai taɓa ƙarfe ba, wuta na tsalle a ciki. Motar za ta tashi, ta yi kwanaki, sannan kan ya ƙone. Tsawon wayar koyil ma yana bambanta tsakanin Golf da Passat. Mafita ita ce a tafi da tsohuwar wayar koyil da ta fulogi guda, ko a ɗauki hotonsu da na cikin ƙahon murfi.

Ɗaurawa a wannan inji ba ta da wuya, domin fulogai da distributa duk suna gaba, ta wajen lagireto, salansa kuma tana baya. A bar inji ya huce, a zare makulli. A ɗauki hoton yadda tsofaffin suke a kan murfi. A shimfiɗa sababbin daga gajeriya zuwa doguwa. Sannan a bi ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci: waya ɗaya ake cirewa, a gwada tsawonta da sabuwa, a ɗaura sabuwar a kawunanta biyu, kafin a taɓa ta gaba. Yaran gareji suna son fizge duka biyar lokaci guda don wuri ya yi fili, kuma daga nan rabin rikicin wannan aiki ke farawa.

Wajen cirewa a kama hular, a murza ta hagu da dama har robar ta saki farin tangaran na fulogin, sannan a ja ta miƙe. Rigar ƙarfen tana da inda fulaya za ta kama, amma a kama a hankali kada a lotsa ta. Ba a jan wayar kanta, ko tsohuwa ce, balle sabuwa da za a sake cirewa ranar canjin fulogi. A hure ƙurar da ta taru a gindin fulogi, a goge farinsa da ƙyalle busasshe. Idan an ga wani siririn baƙin layi a tsaye a jikin farin wanda ba ya gogewa, hanyar da wuta ta ƙona ce, kuma wannan fulogi ya tashi aiki. Sa masa sabuwar hula zai sa layin ya kwafu a cikin robarta, cikin ɗan lokaci ita ma ta lalace. Fulogi da waya a irin wannan hali tare ake canja su.

A lakaci giris na silikon kaɗan, kamar rabin ƙwayar wake, a shafa a cikin bakin robar hula kawai. Yana hana ruwa shiga, yana hana robar mannewa da fulogi. Baƙin mai da giris na boris ba su da wuri a nan, suna kumbura roba su kuma tara ƙura. A tura hular miƙe har a ji ta yi ƙas ta kama, a ɗan ja ta baya a tabbatar. A wajen murfin distributa a fara tura ƙarfen kan har ƙasa, sannan a ɗan ɗaga gefen robar iskar da ta maƙale ta fita. Idan aka bar iskar, inji na yin zafi za ta buɗe ta turo kan wayar sama.

Idan an riga an cire duka kuma babu hoto, ba a canka. Silinda ta ɗaya ita ce ta wajen taimin bel, a ƙirga zuwa ta huɗu a wajen giyabos. Wanda ya saba da Peugeot 405 ya kula, domin a can daga wajen giyabos ake fara ƙirga. Jerin wutar 1-3-4-2 ne. A juya inji da sifana har alamar filawil ta bayyana a ramin da ke saman giyabos, alamar giyar kamshaf ita ma ta zo daidai, sai a buɗe murfin distributa. Hancin rota zai kalli wata ƴar tsaga a bakin jikin distributan, ƙahon da ke saman wurin shi ne na ɗaya. Daga nan a bi yadda hannun agogo ke tafiya: uku, huɗu, biyu. Sai dai motar da ta ratsa hannaye da yawa, ana iya samun wani ya taɓa zare distributa ya mayar da ita a wani haƙori, ya juya wayoyi don su bi. Saboda haka inda rota ta kalla a lokacin da silinda ta ɗaya ke saman matsi shi ne abin bi, ko da ya saɓa wa tsagar.

Kuskuren jeri yana da alamunsa. Idan aka musanya ta biyu da ta uku, ko ta ɗaya da ta huɗu, injin zai iya tashi a kan silinda biyu yana girgiza kamar zai faɗo, salansa na warin ɗanyen fetur. Idan maƙwabta a kan murfi aka musanya, ɗaya za ta ba da wuta tun bawul ɗin shigar iska bai gama rufewa ba, a ji tari ta wajen iyakilina, ɗayar kuma ta makara har salansa ta yi harbi. Idan duka huɗun aka gusa da ƙaho biyu, ba za ta tashi ba sam. Kada a yi ta kik ana fata. Fetur ne ake tarawa a silinda yana wanke baƙin mai.

Hanyar da wayoyin ke bi ita ma aiki ce. Wutar da ke cikinsu tana kai bolt 10,000 zuwa sama da 20,000, kuma kamar ruwa take, inda ta ga sauƙi nan take bi. A mayar da kowace waya cikin maƙalinta, da ɗan tazara tsakaninta da ƴar'uwarta. Kada a dunƙule su wuri guda a naɗe da baƙin tef don su yi kyau, kada a ɗaure su da wayar ƙarfe, kada a bar ɗaya tana gugar bakin wani ƙarfe ko tana leƙa fankar lagireto. A bar musu ɗan saki saboda inji yana motsi a kan kujerunsa, musamman wayar koyil, wadda kanta ɗaya ke jikin bodi ɗayan a jikin inji. Ita ce ta fi shan wahala a cikinsu, domin wutar silinda huɗun duka ta cikinta take wucewa. A nesanta ta da wayoyin sensa.

Bayan an tayar, gwaji mafi kyau da dare ake yi ko a inuwa mai duhu. A fesa ruwa kaɗan kamar raɓa a kan wayoyi da murfi da koyil, hannu na nesa. Saiti mai kyau da aka ɗaura daidai ba ya nuna komai, sautin inji ba ya canjawa. Shuɗin tartsatsi ko ƙarar tas-tas na nuna inda wuta ke zuba. Al'adar zare waya daga fulogi inji na aiki don a gane silindar da ta mutu, muna ganin a bar ta. Wutar da ba ta sami mafita ba tana hawa iya ƙarfin koyil, ta huda rigar sabuwar wayar ko ta kashe na'urar da ke manne da koyil ɗin. Fitilar taimin mai maƙali ta wadatar: a maƙala ta a kowace waya bi da bi, wadda ƙyaftawarta ke tsallake ita ce mai matsala. Idan za a yi kik ba tare da ana son wuta ba, a zare soket mai ƙafa uku da ke gefen distributa.

Abin da za a samu daga wannan saiti, idan tsohon ya gaji, shi ne silo ya daidaita, fizgar da ake ji idan an taka totur a babbar giya ko a hawa da lodi ta ɓace, tashin safe a damina ya yi sauƙi, shan man da silinda mai tsallake ke jawowa ya koma yadda yake. Ba ya ƙara wa inji ƙarfin da kamfani bai ba shi ba, duk wanda ya ce yana yi ciniki yake nema. Kuma ba ya rufe asirin sauran kayan wuta. Fulogin da bakinsa ya cinye ya buɗe yana neman wuta mai yawa kafin ya harba, wannan ƙarin kuwa rigar waya ce ke ɗaukarsa. Fulogi mai ƙafa uku irin NGK BUR6ET shi ne na wannan inji, a ɗaure shi da Nm 25 zuwa 30 a sifana mai auna ƙarfin ɗauri. A buɗe murfin distributa a duba ɗan gawayin tsakiya ko yana nan da sifirin ɗinsa, a duba tsaga da baƙin layi da farin gari a kan ƙarafa. Rota ita ma tana da resista, ta nuna om 600 zuwa 1,400 tsakanin tsakiyarta da hancinta. Koyil ɗin Golf 3 ya yi suna wajen tsagewa a jikin robarsa, kuma alamunsa iri ɗaya ne da na mummunar waya, har da ƙin tashi bayan ruwan sama. Gasket ɗin murfin tof idan yana yoyo, man kan huluna yake sauka. A gyara shi tukuna.

Masu mayar da mota kan gas, waɗanda suka ƙaru tun bayan cire tallafin fetur a 2023, su ne suka fi kowa buƙatar wannan saiti. Gas ya fi fetur wuyar kunnawa, yana neman wuta mai ƙarfi a bakin fulogi. Wayar da ke lallaɓawa a kan fetur takan tona kanta ranar da aka juya zuwa gas, kuma a tsarin da ke haɗa gas da iska tun daga bakin totur, tsallaken wuta guda na iya zama harbi ta baya da zai fasa akwatin iyakilina. A canja waya da fulogi kafin a kai motar wurin juyawa.

Inda saitin ya gaza kuwa, na farko kuɗi. Direban haya da ke lissafin balas zai ji shi a jika, ga jabu a gefe da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Na biyu, hular tana kama fulogi tamau, wanda alheri ne a kan hanya amma jaraba ce ga mai gaggawa ya ja waya. Na uku, raunin wannan tsari a resistan hula yake: idan ya ƙone, wayar za ta yi kyau a ido alhali a buɗe take, kuma mita ce kaɗai ke faɗa. Alherin abin shi ne waya ɗayar ce ta mutu, sauran ba su gaji tare da ita ba, don haka a auna duka a canja wadda ta faɗi. Ga mai Honda ko Toyota na shekarun 1990, wannan saiti ba nasa ba ne kuma adadin da muka bayar ba su shafe shi ba. Nasa wayoyin awonsu na bin tsawo, iyakarsu om 25,000 kowace ɗaya.

Bayan mako guda da ɗaurawa a sake bin kawunan goma da hannu, inji a sanyaye, a danna kowanne a ji yana zaune. A lokacin hunturu a riƙa share ƙurar da ke kwanciya a kan murfi da wayoyi da busasshen ƙyalle, domin ita ce ke shan laima ta zame wa wuta hanya idan ruwan farko ya sauka. A wurin wankin mota kuma a hana su ɗora bakin injin feshi a kan distributa da koyil. A rufe su da leda, a cire ta kafin a tayar.